Tsohuwata da ƙaramar da Auta ya kawo

Tsohuwa, wato tsohuwar kwamfutata, ta tashi da rigima yau. Ina kunna ta sai ta tsaya a baƙin allo, wai agogonta ya ɓata. Da ta shiga Windows kuma sai ga kwanan wata ya koma shekaru baya, birawza ta ƙi buɗe min komai, duk shafin da na nufa sai ta ce ba ta yarda da shaidar tsaronsa ba. Hankalina bai tashi ba, don na san ciwon. Ɗan batirin nan ne na kan madabod, CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke tashi da shi, idan babu wuta a jikinta. Akwai saura a durowa. Na cire marfin gefe, na danne ɗan ƙarfen da farce, tsohon ya yi tsalle ya fito, na danna sabo. Shi ke nan.

Tunda na riga na buɗe ta, sai na hure ƙurar fanka, na tsaya ina kallon cikinta, raina fes. Gurbin RAM 8, huɗu nan huɗu can, firosesa a tsakiya ƙarƙashin ƙaton ƙarfen da ke sanyaya shi. Manyan faifan ajiya 3 a kejinsu. Katin hoto a mazauninsa, ga wasu guraben a ƙasansa babu kowa. Duk inda hannu ke son kaiwa yana kaiwa, ba sai an yi dabara ba. Firosesa Xeon E5-1620 ne a ciki, na 2012, kuma har yau bai taɓa barina da aikin mutane a hannu ba. Na mayar da marfi na koma kan shafukan littafin Malam da nake tsarawa. Kafin rana ta take na tura masa babi biyu.

Da yamma Auta ya shigo. Ko zama bai yi ba ya zuge jakarsa, ya ɗora wani baƙin abu kusa da kibod ɗina. Da farko na ɗauka na'urar raba intanet ce.

"Yaya, ga magajiyar tsohuwarka."

Ƙaramar kwamfuta ce, ThinkCentre M720q, cikin waɗanda Lenovo ke kira Tiny, duka girmanta kusan lita 1, da hannu ɗaya ake ɗaukarta. Ta hannu ce. Abokinsa ne ke sayarwa, irin waɗanda ofisoshi ke sallamarwa idan sun sauya sababbi. Firosesanta i5-8500T, zubi na 8, na 2018, RAM gigabait 16, da faifan ajiya mai sauri, SSD irin na NVMe. Ya ce an ba shi aro ne in gwada, in ta yi min mu yi magana.

Na juya ta a hannu, na ce masa da tsohuwar zuma ake magani.

Ya yi murmushi ya ja kujera, na san yau akwai zance. Ya fara da lissafi. Firosesana ƙwayoyin aiki 4 gare shi, na ƙaramar 6. Nawa an ƙera shi a kan wat 130, na ƙaramar wat 35. Akwatin wutar tsohuwa wat 600 aka rubuta a jikinsa, ita kuwa ƙaramar adaftar wat 65 ce ke ɗaukarta. Nan na tare shi, na ce 600 ɗin nan iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ne, ba abin da take sha kullum ba ne, kar ya haɗa min biyu. Ya yarda. Amma ya ce in sa hannu a bayanta in ji iskar da ke fita, alhali ba komai take yi ba, shafi ɗaya ne a buɗe. Na sa. Da ɗumi. Faifai uku suna juyawa, katin hoto yana ci, fankoki suna aiki, duk don in gyara waƙafi da aya a rubutun Malam.

Sai ya kawo wadda ba ni da amsarta. Microsoft ta daina bai wa Windows 10 sabuntawa tun 14 ga Oktoba 2025, ƙarin wa'adin tsaro da aka buɗe wa masu amfani a gida kuma 13 ga Oktoba 2026 ne ƙarshensa. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wani ɗan ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da firosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Tsohuwa TPM 1.2 gare ta, firosesanta kuwa ko kusa da jerin bai zo ba. Akwai hanyoyin da mutane ke bi su tilasta mata, na sani, amma kwamfutar da nake ajiye aikin mutane a kanta ba na son in riƙa zaman ɗar-ɗar duk lokacin da sabuntawa ta zo. Ya ƙara da cewa sababbin manhajoji sun fara neman wani salon lissafi na cikin firosesa da ake kira AVX2, wanda sai a 2013 Intel ta fara sa shi, wato shekara ɗaya tak bayan nawa. Wannan ba RAM ba ne da za a ƙara, ba faifai ba ne da za a sauya. A jikin firosesan yake, ko akwai ko babu.

Duk wannan na saurara ban ji zafi ba, gaskiya ce, kuma na san yawancinta. Abin da ya tsaya min shi ne abin da ya faɗa yana tattara jakarsa.

"Yaya, ni fa a ganina ba aikinta kake so ba. Girmanta kake so."

Ya faɗa ne cikin wasa, ya ma riga ya manta kafin ya kai ƙofa. Maman yara tana daga bakin ɗaki ta ce ita dai in ƙaramar za ta rage ƙugin nan da zafin ɗaki, tana bayanta. Suka yi dariya, suka fita tare. Ni kuwa na zauna da maganar, har yanzu da nake rubutun nan ba ta sake ni ba.

Don ba haka ba ne. Na daɗe ina juya abin, kuma ba haka ba ne.

Bayan sun tafi na ɗauko sukundireba na buɗe ƙaramar. Kusa ɗaya ce a baya, ka ture marfin gaba ya zame. Aikin da aka yi a cikinta ya burge ni ƙwarai, babu wurin da aka bari a banza. Fanka ɗaya kwance a kan firosesa, gefenta mazaunin ƙaramin faifai mai inci 2.5. RAM da SSD ta ƙasa ake kai musu, akwai wani ɗan marfi daban. Gurbin RAM 2 ne, irin na laftof. Firosesan ma a soket yake, ana iya cire shi a sa wani, ba kamar wasu ƙananan da ake liƙe shi a madabod ba. Har wurin sa kati ɗaya akwai, in ka samo ɗan allon da ke juya gurbin ya kwanta. Sai dai katin da ƙaramin faifan wuri ɗaya suke takara, in ka sa wannan dole ka cire wancan.

To a nan maganar take. Faifaina 3 masu inci 3.5 ne, ko ɗaya ba zai shiga ba. A cikinsu akwai duk littafin da na taɓa tsarawa, da hotunan da aka ɗauko daga tsofaffin takardu tun kafin a gyara su, da kowane zubi na kowane aiki, saboda marubuci yakan dawo bayan shekaru ya ce a mayar masa da yadda shafi yake a da. In na koma ƙaramar, sai na saya musu gidaje na waje masu USB, kowanne da adaftarsa, kowanne da wayarsa. Teburin da aka ce za a sarara masa sai ya cika da igiyoyi. Kuma faifan da ke rataye a waya, hannun yaro ɗaya ya isa ya jawo shi ƙasa yana cikin juyawa.

Sai RAM. Na tsohuwa mai ECC ne, wato in ɗigon bayani ɗaya ya juye a cikinsa, shi da kansa zai gane ya gyara kafin kuskuren ya shiga fayil. Ƙaramar ba ta da wannan. Ba zan ce tsara shafuka ya dogara a kansa ba, miliyoyin mutane suna aiki babu shi lafiya lau. Amma idan na bar ta cikin dare tana sarrafa ɗaruruwan hotuna, nakan kwanta hankalina kwance, kuma wannan kwanciyar hankalin wani abu ne a wurina.

Abin da nake so a jikinta ke nan, da Auta ya kira girma. Duk abin da ya gaji a cikinta ina iya cire shi shi kaɗai in sa wani, sauran su ci gaba. Wuri ya ƙare, in ƙara faifai. Aiki ya yi nauyi, in ƙara RAM. Haka muka yi ta tafiya da ita shekara da shekaru, ba ta taɓa kai ni inda zan ce sai dai a yar ba. Yau ne karo na farko da na ga bango a gabanmu, kuma abin da ya fi damuna, lafiyarta ƙalau. Ba ta lalace ba. Zamani ne kawai ya ɗaga sharaɗi ya wuce ta.

Wani abin kuma da Auta bai faɗa ba: ƙaramar ma ba yarinya ba ce. Zubi na 8 shi ne matakin ƙarshe daga ƙasa a jerin manyan firosesoshin Intel da Windows 11 ta karɓa. Wato zan bar ta 2012 in koma ta 2018 wadda ke tsaye daidai bakin layi. Duk ranar da aka sake ɗaga sharaɗi, ita ce ta farkon faɗuwa. Shekara nawa nake saya ke nan? Wannan tambayar ce ta sa jikina ya yi sanyi, don in amsar 'yan shekaru ce kaɗan, wataƙila gara in haƙura in nemi wadda ta fi ta ƙuruciya, ko da cikin ƙananan ne. Dell na da OptiPlex Micro, HP na da EliteDesk Mini, duk tsari ɗaya, kuma akwai na zubin baya-bayan nan a hannun mutane.

Duk da haka na haɗa ta da allona na gwada, don kar in yanke hukunci da zuciya. Kafin in gyara zama ta gama tashi. Na kwafo mata fayil mafi nauyi da nake da shi, littafin nan mai hotuna a kowane shafi wanda tsohuwa ke ɗan nishi kafin ta buɗe. Nan take ya buɗe. Na yi ta gangarawa cikin shafuka, babu tsayawa. Ɗakin kuma tsit, har ina jin motsin yara a falo, abin da na manta ana ji daga nan. Da na sa ta fitar da littafin gaba ɗaya zuwa PDF ne fankarta ta tashi da wata siririyar ƙara, don ƙaramar fanka dole ta yi gudu kafin ta ture iskar da babba ke turewa a hankali. Tana gamawa ta yi shiru. Kuma ta riga tsohuwa gamawa, na gani da idona.

Ban ji daɗin hakan ba, kuma na ji daɗi. Duka biyun.

Malam ya amsa, gyara uku a babi na biyu. Gobe.



Tunanin da ya fi zauna min zuwa yanzu shi ne kada in raba su. Ƙaramar ta ɗauki aikin yau da kullum da duk abin da ya shafi intanet. Tsohuwa in sa mata Linux, ta koma rumbu, faifanta suna cikinta inda suka saba, in riƙa kunna ta sai lokacin da zan ajiye aikin da aka gama ko in ɗauko na da. Ba zan iya mayar da aikina kacokan kan Linux ba, manhajar da nake tsara shafuka da ita ba ta gudu a can, amma ajiya da rabawa ta hanyar waya ba abin da zai gagare ta. In ba kullum take kunne ba, zafi da ƙugi sun ragu, Maman yara ta samu abin da take so. Abin da ban sani ba shi ne ko zan iya jure ganin ta a kashe yawancin mako.

Kafin nan akwai binciken kayan hannu. Na danna F1 ƙaramar tana tashi, BIOS ya buɗe babu kalmar sirri, wannan ya wuce. Na duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyar SSD ɗin, ya yi awanni masu yawa amma lafiyarsa da saura. Adaftar ta asali ce. Saura abu ɗaya, wanda ya fi kowanne muhimmanci ga kwamfutar da ta fito daga ofis: ko har yanzu tana rajiste a ƙarƙashin kulawar ma'aikatar da ta sallame ta. Wannan ba ya nuna kansa sai ka goge komai, ka sa Windows sabuwa, ka haɗa ta da intanet. In sunan wata ma'aikata ya fito yana neman ka shiga da asusunsu, to ba taka ba ce tukuna, ko ka biya.

Ba zan goge kayan mutum ba tare da izininsa ba. Na tura wa Auta saƙo ya tambayi abokin nasa ko ya yarda in yi, ya kuma tambaye shi ko yana da irinta ta zubi na 10 ko sama da haka. A ƙarshen saƙon na rubuta masa cewa maganarsa ta ɗazu ba daidai ba ce, kuma in ya zo zan buɗe masa su biyun gefe da gefe ya ga abin da nake nufi. Ya amsa da cewa abokin ya kashe waya, sai da safe.