Sunan umarnin da ke yaudarar mai karanta shi

Manhajojin da ake tsara shafukan intanet da su, irin su Django da Rails, suna yin wani aiki a ɓoye: duk rubutun da baƙo ya shigar, sai sun sauya alamominsa masu haɗari kafin su nuna shi, ta yadda alamar < za ta koma &lt;, burauza kuma ta ɗauke ta a matsayin rubutu kawai maimakon umarni. Django ta fito da wannan tacewa a kunne a sigarta ta 1.0 a shekarar 2008, Rails kuma ta bi sahu a siga ta 3 a 2010.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunan da aka raɗa wa umarnin da ke kashe tacewar. A Django ana kiransa mark_safe, a Rails kuma html_safe, inda kalmar safe a Turanci ke nufin mara haɗari. Wanda bai daɗe da fara sana'ar rubuta manhaja ba, idan ya ga sunan, zai ɗauka cewa umarnin wanke rubutun yake yi, alhali ba ya taɓa ko harafi ɗaya. Shaida ce kawai da mai rubuta manhajar ke bayarwa cewa rubutun ba shi da illa, don haka a bar shi ya wuce yadda yake. Idan aka liƙa shi a kan abin da wani ya cike a fom, mai kutse zai iya cusa <script> a gurbin sunansa, kuma umarninsa zai yi aiki a burauzar duk wanda ya buɗe shafin.

React, wata manhajar tsara shafukan da Facebook ya saki a 2013, ta sa wa irin wannan aiki suna dangerouslySetInnerHTML, takwararta Angular kuma ta zaɓi bypassSecurityTrustHtml; sunan farko na ɗauke da kalmar haɗari, na biyu kuma yana maganar tsallake tsaro. Sunayen suna da tsawo, ba su da daɗin rubutawa, kuma a ganina alfanunsu ke nan, domin suna faɗin abin da zai faru, kuma abokin aikin da ke duba rubutun ba zai wuce su ba tare da ya tambayi dalili ba.

Sauya tsohon suna kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, tunda manhajoji masu ɗimbin yawa sun dogara da shi. Har yanzu mark_safe da html_safe suna nan, sai dai ana amfani da manhajojin bincike irin su Bandit da RuboCop don su yi gargaɗi a inda aka rubuta su.