Yadda na kai tarihin Ernestine Rose ajin matan aure

Ajin da nake koyarwa da yamma na matan aure ne da zawarawa, waɗanda ɗawainiyar gida ta raba su da karatu suka dawo daga baya. Ran Alhamis mukan ajiye lissafi mu ɗauki tarihin mutum ɗaya. Mun yi Nana Asma'u, mun yi Gambo Sawaba, sai na ce bari mu ƙetare teku. Na ɗauko Ernestine Rose, mai gwagwarmayar haƙƙin mata a Amurka, 'yar wani malamin Yahudawa, wadda aka haifa a 1810 a garin Piotrków na ƙasar Poland.

Na daɗe ina jujjuya abin a raina, domin matar nan ba ta yarda da kowane addini ba, kuma a bainar jama'a take faɗa. Wata abokiyar aikina ta ce in tsallake wannan ɓangaren kawai. Ban yarda ba. Manyan mata ne a gabana, wasu sun haife ni, ba zan ba su rabin labari ba.

Da shari'arta na fara, kuma nan ne ajin ya nutsu. Tana da shekara 16 mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gado. Mahaifinta ya ba da ita ga wani mutum ba da yardarta ba, da sharaɗin in ta ƙi auren gadon ya koma hannun mutumin. Yarinyar ta tashi cikin tsananin sanyi ta tafi kotu a Kalisz, ta tsaya da bakinta ta kare kanta, ta yi nasara. Wata daga bayan aji ta ɗaga hannu: "Malama, ita kaɗai, ba lauya?" Na ce ita kaɗai. Da ta karɓi dukiyar kuma ta mayar wa mahaifinta mafi yawanta, ta bar gida tana da shekara 17. A Berlin takarda mai ƙamshi ta ƙirƙira, ta kore warin ɗaki, da cinikinta ta riƙe kanta.

Bayanin gurguzu bai ba ni wahala yadda na zata ba. A Ingila ta haɗu da Robert Owen, ɗan gurguzun da ta rungumi ra'ayinsa, tsohon mai masaƙar auduga a New Lanark ta Scotland, wanda ya rage wa ma'aikatansa sa'o'in aiki ya buɗe wa 'ya'yansu makaranta. Ra'ayinsa shi ne halin mutum daga yanayin da ya tashi a ciki yake fitowa, don haka a gyara yanayin. A tarukansa ta fara magana gaban jama'a. Ta auri William Rose, maƙerin fari, suka tafi New York a 1836.

Da na ce a lokacin matar aure a New York ba ta da iko da dukiyarta, abin da ta shigo da shi da abin da ta samu da guminta duk suna ƙarƙashin miji, sai ajin ya ɗauki salati. Su da suka san sadaki na mace ne, gadonta nata ne, ba su taɓa zaton haka Amurka take ba. Wani alƙali, Thomas Herttell, ya kai ƙudurin gyara dokar majalisa, Ernestine ta ɗauki takardar koke tana bi gida-gida. Cikin wata biyar sa hannu biyar ta samu. Wasu matan suka ce maza za su yi musu dariya, wasu suka ce haƙƙin da suke da shi ya ishe su, maza kuwa suka ce ai ya ma yi yawa. Ba ta fasa ba, shekara bayan shekara, har wasu 'yan gwagwarmayar haƙƙin mata, Elizabeth Cady Stanton da Paulina Wright Davis, suka shigo aikin. Sai 1848 dokar ta wuce, ta 1860 kuma ta ba matar aure ikon ladan aikinta.

A nan wata dattijuwa ta gyara mayafi ta ce, "Malama, mu namu haƙƙin a rubuce yake tun tuni, amma gonar da Baba ya bari har yau tana hannun yayyena." Ban tsara wannan a darasin ba, amma shi ya cinye sauran lokacin. Ashe kusan kowa tana da irin wannan labari a danginsu. Tun daga ranar na koyi barin fili a darasi, domin tarihin wata ƙasa kan buɗe bakin da tambaya kai tsaye ba ta buɗewa.

Sannan na faɗi maganar addini ba kwana-kwana: a 1861 ta yi lacca a Boston tana kare rashin imani da Allah. Aka yi a'uzubillahi, wata ta ce a rufe babinta. Na ce ni Musulma ce, ban bi ta a wannan ba ko kaɗan, kuma hakan bai sa in musa cewa ta yaƙi bautar da baƙaƙen fata ba, har a kudancin Amurka inda faɗin haka ke da haɗari. Abokan gwagwarmayarta ma sun sha wannan muhawara. A 1854 wasu suka ƙi ta shugabanci babban taron haƙƙin mata a Philadelphia saboda aƙidarta, abokiyar gwagwarmayarta Susan B. Anthony ta tsaya mata, ta shugabanta. Matan ajina sun rarrabe da kansu abin ɗauka da abin bari, ba su buƙaci in tace musu ba.

Ta koma Ingila a 1869, ta rasu a Brighton a 1892, aka binne ta a maƙabartar Highgate ta Landan. Matan Amurka ba su samu 'yancin ƙuri'a a faɗin ƙasar ba sai 1920. Kafin mu tashi, ajin ya nemi Alhamis mai zuwa a kawo musu malamin da ya san rabon gado, kowa ta zo da tambayarta a rubuce. Na nemo shi, ya kuma amsa zai zo.