Daga Rigasa zuwa Jebba, a kan sawun Kaka

Da so samu ne, tsohon layin dogo zan bi, wanda ya tashi daga Kaduna ya ratsa Gwagwada da Sarkin Pawa ya faɗa Minna. Duk wanda na yi wa maganar sai ya girgiza kai, saboda halin da dajin yankin yake ciki. Sai na haƙura na shiga jirgin safe a tashar Rigasa, sabon layin nan mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a 2016, da niyyar in sauka a Idu in ci gaba da mota.

Ƙanin kakana ne ya jawo tafiyar, Allah ya jiƙansa da rahama. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa tun ina rarrafe har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Kaka muke ce masa gaba ɗaya, har 'ya'yan cikinsa, har maƙwabtan da ba su haɗa jini da shi ba. Da ƙuruciyarsa ma'aikacin reluwe ne, shi ne mai zuba wa jirgi kwal a zamanin da wuta da ruwa ke tafiyar da shi, kuma mafi yawan aikinsa tsakanin Kaduna da Jebba ya yi shi. Bai taɓa shiga sabon jirgin ba. Mun sha lallashinsa, sai ya yi dariya ya ce, "Abokina, ni in zauna a kujera wani ya ja ni? Ai sai barci ya kwashe ni." Yana iya gaya maka faɗin tsohon layi, ƙafa uku da inci shida, kamar yana faɗin sunan ɗansa. Sabon ya fi shi faɗi, ya fi shi gudu, ba kuma ya jijjiga mutum. Ni ma kuwa barcin ya kwashe ni kafin mu kai Jere.

Daga Idu zuwa Suleja, daga Suleja zuwa Minna, babu abin faɗa sai manyan motoci da ramuka.

A Minna na fara jin na shigo ƙasarsa. Nan ne layin da ya taso daga Baro, bakin kogin Neja, wanda aka fara shimfiɗawa a 1907 ya isa Kano a 1911, ya haɗu da wanda ya taso daga Legas. Garin ma jirgin ne ya raya shi. A gefen tashar taragai ne jere sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙafafunsu. A inuwar ɗaya daga cikinsu na tarar da wani dattijo yana sauraron rediyo. Na yi sallama na durƙusa muka gaisa, na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ashe shi ma tsohon ɗan reluwe ne, sai dai a ɓangaren gyaran layi ya yi aiki, kuma bai san Kaka ba.

"Ɗana, ka ce mai zuba kwal ne?" ya tambaye ni. "To ka san aikin kuwa?"

Na ce, "Baba, abin da na sani shi ne shebur da wuta."

Ya kashe rediyon. Ya ce ba jibga kwal ake yi ba, warwatsa shi ake yi siriri a ko'ina cikin murhun, don in ya taru wuri ɗaya iska ba za ta ratsa shi ba, sai hayaƙi ya yi yawa tururi ya yi ƙasa. Ido ɗaya yana kan wuta, ɗaya yana kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, domin in ruwa ya janye ya bar saman murhun a bushe, ƙarfen zai yi laushi, tukunyar tana iya tarwatsewa da mutanen da ke kanta. Babban abin kuma, in ji shi, wutar da za ta hau tudu tun kafin a iso tudun ake haɗa ta. Wanda ya bari sai jirgi ya fara nishi sannan ya ɗauki shebur, ya makara. Saboda haka dole mai zuba kwal ya haddace hanya, ya san inda hawa yake da inda gangara take, ko da tsakar dare ne ba ya ganin tafin hannunsa.

Nan wani abu ya warware mini. Kaka bai taɓa ba mu labarin gari da kyawun gininsa ko girman kasuwarsa ba. In ka ambaci wani wuri, abin da zai ce shi ne, "Wajen nan akwai hawa," ko "Nan muke shan ruwa," yana nufin inda ake tsayawa a cika wa jirgi tanki. Mutumin da ya yi shekaru fuskarsa na kallon bakin murhu, ba taga ya san ƙasar nan da ita ba, da kafaɗunsa ya san ta. Haka kuma ya zauna da mu. Kafin damina ta faɗi ya riga ya zagaya ya duba rufin gidajen da babu namiji babba a ciki. Kafin rigimar maƙwabta biyu ta kai ga ɗaga murya, ya riga ya aika an kira masa ɗaya daga cikinsu wai zai taya shi neman tabaransa. Ranar da mahaifina ya kwanta ciwo, kafin mu gama shawarar abin yi, mun ji motar da Kaka ya nemo tana tsaye a ƙofa. Mu dai muna cewa tsohon akwai shisshigi.

Zungeru ba ta da nisa daga Minna, na je na dawo a yini guda. Ita ce hedikwatar Turawan mulkin mallaka a Arewa tun 1902 kafin su tattara su koma Kaduna, nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, kuma ƙaramar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da ke lambun Gamji a Kaduna daga nan aka ciro ta a 1954. Abin da ya rage na zamanin kufai ne da ginshiƙai a cikin ciyawa. Yanzu zancen garin ya koma kan madatsar ruwa mai ba da megawat 700 da aka gina a kogin Kaduna. Kaka bai damu da Lugga ba ko kaɗan. Abin da ya riƙe game da Zungeru shi ne zafi, yana cewa a nan ne mutum ke rasa gane wace wutar ta fi, ta gabansa ko ta bisa kansa. Na tsaya da rana tsaka kusa da gadar jirgin, ba shebur a hannuna ba komai, rigata ta jiƙe sharkaf.

Washegari muka bi ta Bida da Kutigi da Mokwa. Hanyar ta tankokin mai da tireloli ce, kayan da a da jirgi ke ɗauka yanzu duk sun dawo kan kwalta, suna cin ta tana cin su. A ganina duk wanda ke son sanin abin da mutuwar reluwe ta jawo wa ƙasar nan, ya zauna a bayan tirela a wannan hanya na awa biyu, ba ya buƙatar wani bayani.

Sai ga Neja. Na sha ganinsa a hoto, amma faɗinsa a Jebba ya sa na yi shiru. Kogin ya rabu biyu ya rungume tsibiri, gada ta taka tsibirin ta haye, wannan gaɓa jihar Neja, waccan jihar Kwara. Can cikin ruwa ga wani dutse ya miƙe shi kaɗai, wanda a kusa da shi ne jirgin ruwan Baikie, Baturen da ya binciki kogin, mai suna Dayspring ya fashe a 1857. Layin Legas ya iso nan a 1909, kuma kafin a gama gadar, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragai a ƙetarar da su. Kaka bai ga wancan zamanin ba, amma ya yi aiki da waɗanda suka gan shi, kuma daga bakinsu ya ɗauko labarin ya kawo mana ƙofar gida.

Gadar nan ce wuri ɗaya tak da ya taɓa ce mini yana ajiye shebur. Jirgi a hankali yake hawanta, wuta ta riga ta haɗu, babu abin da ya rage sai jira. Sai ya leƙo da kansa waje iskar kogi ta buge shi, ya ga masunta a cikin kwalekwale suna ɗaga musu hannu. A nan ya tsinci ɗan Nufancin da Yarbancin da yake tsokanar baƙi da su, a nan kuma wani direba Bayarabe ya koya masa duba agogo. Agogon aljihun da ya saya daga baya shi ne agogon layinmu shekara da shekaru. Yara kan leƙa su tambaye shi ko sun makara makaranta, ya ciro shi a natse, ya buɗe murfin, ya ce saura minti kaza, a ruga. Da injinan dizal suka karɓe aikin aka mai da shi wajen gyara, bai yi ƙorafi ba, sai dai ya ce kunnensa na hagu ya riga ya tafi tare da masu hayaƙin.

Daga bakin gadar na kira babbar 'yarsa.

"Gwaggo, ga ni a Jebba."

"Kai, ɗan nan, da gaske ka je? Ka ga ruwan?"

Na ce na gani. Ta yi ta yi masa addu'a muryarta na rawa, sannan ta share hawaye ta shiga yi mini faɗa, wai in kama hanya tun da sauran rana, kada in kuskura dare ya yi mini tsakanin Mokwa da Bida. Direban motar ma tun ɗazu abin da yake faɗa ke nan, yana ta danna ham. Na ɗauki hoton gadar ta ɓangarori biyu saboda jikokin Kaka da suka ce in turo musu, na shiga mota muka juya.