Maganin da Ke Kwaikwayon Dofamin: Abin da Na Gani a Jinyar Mahaifina da Ƙanwata

Na shafe shekaru ina ƙirga wa mahaifina ƙwayoyin maganin cutar Parkinson kafin wata rana ƙanwata ta dawo daga asibiti da nata maganin, bayan gwaji ya nuna cewa sinadarin furolaktin, wanda ke sa nono ya kawo ruwa, ya yi mata yawa a jini, abin da ya sa al'adarta ta ɗauke na tsawon watanni. Da na warware takardar da ke cikin kwalin na karanta, sai na tarar gargaɗin da ke ciki kusan duk na san shi, domin shi ne a takardar maganin Baba. Dattijo mai rawar hannu da matashiya mai neman haihuwa, ga shi kuwa magungunansu 'yan gida ɗaya ne.

Dalilin yana ga dofamin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, wanda masanin ƙasar Suwidin Arvid Carlsson ya nuna muhimmancinsa ga motsin jiki a ƙarshen shekarun 1950, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2000. A cutar Parkinson ƙwayoyin da ke samar da shi ne ke mutuwa sannu a hankali, sai jiki ya sandare, motsi ya yi nawa, hannu ya riƙa karkarwa. A gindin ƙwaƙwalwa kuwa, inda ƙaramin ƙullutun nan da ake kira fituwitari yake, dofamin ne linzamin da ke riƙe furolaktin kada ya wuce kima. Waɗannan magunguna ba dofamin ba ne, amma suna shiga gurbinsa kamar makullin da aka yanka a kan na asali, shi ya sa ake ba da su ga mai Parkinson, da mai yawan furolaktin, da wanda ƙafafunsa ke hana shi sakat da dare, wani lokaci har da wanda sinadarin girma ya yi masa yawa.

Baba pramipexole yake sha, wanda ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki, don haka likita ya duba lafiyar ƙodarsa kafin ya tsayar da adadi. Ƙanwata kuwa cabergoline aka ba ta, ɗan mitsitsi, kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram sau biyu a mako. Wannan kalma ta mako ita ce na sa ta ja wa layi da biro, domin wanda ya saba da maganin kullum yana iya zarcewa ya sha kowace safiya. Cabergoline da ɗan'uwansa bromocriptine an samo asalinsu daga wata funfuna da ke kama hatsi, kuma magungunan wannan reshe suna iya kaurara murafan zuciya ko su taɓa huhu idan an daɗe ana shan su da yawa. Saboda haka ne aka janye pergolide, wani maganin Parkinson na wannan reshe, daga kasuwar Amurka a 2007, kuma saboda haka ne ake ɗaukar hoton zuciyar wanda zai daɗe a kan cabergoline, ko da yake haɗarin ya fi yawa ga masu shan adadi mai girma.

Makonnin farko su ne na tashin zuciya da jiri, shi ya sa ake farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali, kuma ake sha tare da abinci, sau da yawa da dare. Hawan jini ba shi ne abin tsoro a nan ba, faɗuwarsa ce idan mutum ya miƙe da sauri. Mun koya wa Baba ya zauna a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa, ya ƙirga ashirin kafin ya dafa bango ya tashi, kuma duk da gunaguninsa ya riƙe wannan ɗabi'a. Akwai tarkon da ya kusa kama ni a lokacin, domin na yi niyyar ba shi metoclopramide, maganin amai da kowa ya sani, ban san cewa toshe gurbin dofamin yake yi ba, wato yana warware aikin maganin, ya tsananta Parkinson, ya kuma ɗaga furolaktin. Haka magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine suke, magungunan kashe ƙwayoyin cuta erythromycin da clarithromycin kuwa suna sa bromocriptine da cabergoline su taru a jini. Tun daga ranar ban ƙara saya masa ko maganin mura ba sai na nuna wa mai harhaɗa magani jerin abin da yake sha.

Barci ma yana zuwa ba sallama. Wata yamma Baba yana tsakiyar magana, kofi a hannunsa, sai kansa ya langaɓe, kofin ya kife a cinyarsa, kuma da ya farka bai yarda cewa ya yi barci ba. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi ba shi ba tuƙi, ba shi ba aiki da inji mai yanka, har sai likita ya sake duba adadin, kuma barasa da magungunan barci suna ƙara abin muni.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne wanda ba ya nuna kansa a jiki. Mahaifina mutum ne da ke kai tsohon agogonsa gyara sau uku kafin ya yarda ya sayi sabo, amma watanni kaɗan bayan an ƙara masa magani na buɗe aljihun teburinsa na tarar da agogo bakwai, wasu ba a ko ɓare ledarsu ba. Dofamin yana da hannu a yadda ƙwaƙwalwa ke jin daɗin samu, don haka maganin da ke zuga shi yana iya kwance wa mutum linzamin kansa, ya faɗa caca, ko sayayyar da ba ta da dalili, ko cin abinci ba ƙaƙƙautawa, ko sha'awar jima'i da ta wuce yadda aka san shi. Mai abin ba ya ganin laifin magani, kunya kuma takan sa ya ɓoye, iyali su ɗauka lalacewa ce ta zo da tsufa. A ganina bai kamata a miƙa wa kowa wannan magani ba sai an zaunar da wani na kusa da shi an gaya masa abin da zai sa wa ido, har da gane-ganen abubuwan da babu su, wanda ya fi samun tsofaffi.

Cikin fushi na so in kwashe ƙwayoyin in zubar a daren, kuma da na yi hakan da na jawo babbar ɓarna. Likita ya bayyana mini cewa tsayar da su farat ɗaya yana iya jefa mai Parkinson cikin zazzaɓi mai zafi da sandarewa da ruɗewa, ko ya bar shi da fargaba da baƙin ciki da zufa da ciwon jiki na tsawon lokaci. A cikin makonni aka riƙa rage masa, aka gyara adadin levodopa, ɗaya maganin Parkinson da yake sha tare da shi, sayayyar kuma ta tsaya.

Ga mata akwai ƙarin magana biyu. Da zarar furolaktin ya sauka, mace na iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga al'adarta ta farko, don haka wadda ba ta shirya ba ta nemi hanyar tsarin iyali, wadda kuma ta yi zaton ta samu ta sanar da likita nan take don ya yanke ko za a dakatar. Sannan shan bromocriptine don busar da nono bayan haihuwa ya jawo wa wasu mata hawan jini mai tsanani da jijjiga da shanyewar ɓarin jiki, har hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 2014 ga lalurar da ta zama dole, ban da masu hawan jini ko ciwon zuciya ko tarihin taɓin hankali mai tsanani.

Ranar da ƙanwata za ta koma ganin likita na ce ta tafi da mijinta, ta yi dariya ta ce ita ba agogo take so ba. Duk da haka ta tafi da shi, kuma shi ne yanzu ke yi mata alama a kalanda ranakun Litinin da Alhamis.