Igiyar kyamara da ciwon wuyan da ta jawo min

Jiya wani yaro da yake koyon aiki a wajena ya ga kyamarata rataye a gefen haƙarƙarina, sai ya ce yallaɓai me ya sa ba ka amfani da igiyar da ta zo a cikin kwali? Na yi dariya kawai, na ce je ka ka wuni da ita a wajen biki ka dawo mu yi magana.

Ni ma da ita na fara, siririya mai sunan kamfani a jiki, kuma wallahi a lokacin har alfahari nake da ita don mutane su karanta sunan su san ba ƙaramin mai hoto ba ne. Matsalar dai lissafi ce. Kyamarar Canon 5D Mark IV da batir da kati a ciki ta kusa giram 900, ka ɗaura mata lens ɗin jawo nesa, 70-200 mai f/2.8, wanda shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, ka ɗora filasha a sama, to ka kusa kilo uku kenan, duk a bayan wuyanka a kan igiyar da faɗinta bai wuce yatsu biyu ba. Awa ɗaya ba za ka ji komai ba. Amma ka fara daga ɗaurin aure da safe, ka wuce wuni, da daddare ka ƙare a dina, ranar da na san na shiga uku ita ce wata ranar Hawan Daushe da na tsaya a Ƙofar Kudu tun bayan azahar ina jiran dawakai har magariba, washegari ko waiwaye ba na iya yi sai dai in juyo da jikina gaba ɗaya kamar an sa min kara a wuya.

Daga nan na koma irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ta tsallaka ƙirji kamar jakar ɗan makaranta, kyamarar ta sauka a ƙugu. Kamfanin BlackRapid su suka yi suna da wannan, ana murɗa ƙarfenta ne a ramin ƙasan kyamara, wanda ake ɗaura ta da shi a kan ƙafa uku, in ka tashi ɗauka sai ka jawo ta, ta zame sama a kan igiyar har idonka. Sauƙi sosai, wuya ya huta. Sai dai kafaɗa ɗaya ce take shan nauyin, da yamma za ka ji kana tafiya a karkace.

Ga abin da babu wanda ya gaya min. Ƙarfen nan da ake murɗawa yana kwancewa a hankali saboda kyamarar tana ta juyi a gefenka kana tafiya. Na taɓa sayen wata mai arha a intanet marar suna, ana cikin kamu mata suna ta guɗa sai kawai na ji kafaɗata ta yi sakayau, Allah ya taimake ni a kan kafet ta faɗi, murfin gaban lens ne ya tsage. Tun ranar kafin in fita sai na ƙara murɗa shi, kuma na sa wata 'yar igiya ta biyu daga kunnen kyamara zuwa babbar, ko ɗaya ta saki ɗayar na nan. Sannan in lens babba ne, a jikin zoben lens ɗin ake ɗaura igiyar, ba a jikin kyamara ba, in ba haka ba nauyinsa yana ta jan bakin da suka haɗu.

Igiyar kamfanin Peak Design kuma na gwada ta wani abokina, yadinta irin na bel ɗin mota ne, da wasu 'yan maɓallai zagayayyu da kake ɓallewa cikin daƙiƙa. Ta yi kyau ga mai kyamara ɗaya, amma ba soso a kafaɗarta mai kauri, da babban lens ban ji daɗinta ba.

Yanzu da nake aiki da kyamara biyu, ɗaya da lens ɗin 24-70 ɗaya da 70-200, na koma mai kafaɗa biyu wadda take gicciyewa a baya, kyamara dama kyamara hagu, nauyi ya rabu daidai. Ta fata da kamfanin HoldFast suke yi na gani a hoto na so, da na lissafa dala da kuɗin kawowa sai na ce a'a, na ɗauki hoton na kai wa wani baduku a Kasuwar Kurmi. Ya yi aiki mai kyau, amma ƙugiyoyin ni na nemo masu ƙarfi da kaina, ban yarda da na jakar hannu ba, ɗinkin kuma na sa ya ninka shi a duk inda ƙarfe ya haɗu da fata. Sati biyun farko ta ci min kafaɗa kafin ta yi laushi.

Zafi ma abin dubawa ne. Irin masu kama da falmaran ɗin nan da ake maƙala kyamara a ƙirji suna riƙe kaya da kyau, amma a watan Afrilu a Kano sai dai ka jiƙe sharkaf, ga shi ba sa zama a kan kaftani, balle babbar riga. Fatar ma tana iya zubar da rini in gumi ya taɓa ta, ta ɓata min farar shadda guda, yanzu ranar aiki yadi mai duhu nake sawa.

Yaron nawa dai ya ce zai gwada mai tsallake ƙirjin ranar Asabar, na ba shi tsohuwar tawa, na ce ya ɗaura mata kayan da zai yi aiki da su ya zagaya unguwa na rabin awa tukunna ya ga inda take cinsa.