Daren da muka bi Kaza

Laraba. Hazo ya lafa tun bayan la'asar, saboda haka da na dawo daga lakwal na ce wa ɗan yayata Sani ya hau da madubin hangen nesa kan soro kafin magariba, ƙarfen ya sha iska ya huce. Aron sa na yi wurin wani abokina da ya dawo daga karatu Faransa, tare da wata 'yar na'ura mai kamar zobe wadda ake ɗaurawa tsakanin madubin da kyamara. Aikinta ɗaya ne, ta riƙa juya kyamarar a hankali.

Sani ya ga abin bai da amfani. "Kawu, ai madubin da kansa yake bin tauraro, me za a juya kuma?"

Na ce ya bari sai dare ya yi.

Mazaunin wannan madubi hanya biyu yake motsi, sama da ƙasa, hagu da dama. Zai riƙe maka tauraro a tsakiyar hoto har asuba, amma taurarin da ke kewaye da shi suna ta zagaya shi, kamar an kafa yatsa a tsakiyar faifai ana murzawa. In ka bar kyamara a buɗe minti biyu ko uku, na tsakiya zai fito ɗigo, na gefe kuwa duk sun ja wutsiya.

Mu nan Maradi abin ya fi cin mu. Sararin sama yana juya digiri 15 a awa, kuma gwargwadon kusancinka da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, gwargwadon yadda wannan murɗawa take ƙaruwa. Muna wajen digiri 13 da rabi ne kawai arewa da wannan layi. Ga wani abin haushi: in tauraro yana gabas sak ko yamma sak, murɗawar kusan babu, to amma can ƙasa-ƙasa ƙurar hunturu da fitilun gari suke taruwa. Inda sama ta fi haske, wato bisa kai, nan ne hoton yake juyawa da gudu.

Kaza da 'ya'yanta muka sa a gaba. Bayan isha'i tana gabas, na'urar ko motsinta ba ka ji. Wajen sha ɗaya saura ta hau kusan digiri 80, ta ɓangaren arewa, kuma lissafin da na yi a takarda ya ba ni kusan digiri 80 a awa, fiye da digiri ɗaya kowane minti. Na kashe na'urar muka ɗauki hoto ɗaya, na kunna muka sake. Sani ya daɗe yana duban biyun a kwamfuta, sannan ya ce, "To Kawu, ashe sama ce ba ta tsayawa." Ɗalibaina na aji sun fi shi yawan boko, amma ban taɓa jin ɗayansu ya faɗe ta haka ba.

Wahalar gaske ita ce waya. Kyamara tana juyawa, wayoyinta suna nannaɗewa, dole mutum ya sa ido, in ta kai iyaka a tsaya a warware a koma farko. Manyan wuraren binciken taurari ma da wannan suke fama, shi ya sa mai aikin dare yakan zaɓi kusurwar farawa tun kafin a buɗe kyamara, don kada na'urar ta ƙure a tsakiyar ɗauka. Dā can manyan madubai a karkace ake girka su, su bi juyawar duniya da motsi ɗaya, hoto bai murɗawa. Nauyi da tsada suka sa aka canza. Tarayyar Sobiyet ta gina mai faɗin mita 6 a kan irin mazaunin namu a shekarun 1970, daga baya Keck na Hawai mai mita 10 da madubai huɗu na Paranal a ƙasar Cile, kowane mita 8.2, duk suka bi sahu. Dukansu sai da majuyi, wato na'urar juya kyamara irin tamu, kuma dukansu suna da ɗan fili daidai tsakar ka inda ba sa iya bin tauraro, saboda motsin ya fi ƙarfin injin.

Maƙwabcinmu Alhaji ya leƙo ta katanga yana tambaya ko wata muke nema. Na ce a'a, ranka ya daɗe, Kaza ce. Ya ce su a da da ita ake gane lokacin shuka, ba da kyamara ba. Ya hau ya duba duk da haka, ya ƙirga 'ya'yan har ya gaji.

Kuran ya ɗauke sha biyu da wani abu, batirin kwamfuta kuma bai da ƙarfi. Muka sauko da kaya da fitilar salula. Ranar Asabar in hazo bai dawo ba za mu fita hanyar Madarunfa, inda babu fitilu, mu gwada gabas tun da wuri.