Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zoɓo, Kanwa da Huhun Rago

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda sunaye suka fito, aka tura ni koyarwar gwaji, wato TP, wata ƙaramar sakandaren gwamnati a nan Agege ta Legas. Ga wanda bai sani ba, duk mai neman takardar shaidar malanta ta NCE sai ya yi zangon karatu guda yana koyarwa a aji na gaske, malaman kwalejinsa suna zuwa suna duba shi suna ba shi maki. Ba albashi, ba alawus. Kuɗin mota, kuɗin kwali, kuɗin maka, duk a wuyanka suke.

Ƙarshen 2019 ne, ana tsaka da aikin gadar Pen Cinema, wadda ba a buɗe ba sai 2021. Duk wanda ya zauna Agege a lokacin ya san wahalar da aka sha. Tafiyar da danfo zai yi cikin ɗan lokaci sai ta cinye maka safiya, don haka ina sallar asuba nake fita, rabin hanya a ƙasa, kwalaye a hammata, ƙura ta gama da hijabina kafin in isa.

Ajin da aka ba ni yana cikin tsohon gini, irin dogayen azuzuwan nan da Gwamna Lateef Jakande ya baza a Legas tsakanin 1979 da 1983, lokacin da ya soke karatun safe da na yamma ya ce kowane yaro ya zo da safe. Ginin ya yi wa zamaninsa aiki, Allah ya saka masa. Amma yara sun ƙaru, ɗakin bai ƙaru ba. A kwaleji an karantar da mu cewa tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 zuwa 40. Nawa sun kusa ninka haka. Kimiyya aka ce in koyar, kuma ɗakin gwajin makarantar wata kabad ce a ofishin mataimakin shugaba, da 'yan kwalabe da suka bushe da ma'aunin zafi guda wanda ba a yarda ɗan TP ya taɓa.

Malamar da aka haɗa ni da ita Bayarabiya ce, ta kusa ritaya, kowa Mama yake ce mata. Ranar farko ta karɓi littafin shirin darasina, ta duba layin kayan koyarwa, ta ga na rubuta allo da maka. Ta ce, "'Yata, wannan ba kayan koyarwa ba ne, kayan rubutu ne. Yaron da bai ga abu ba, bai taɓa shi ba, haddace shi zai yi ya zubar miki ranar jarrabawa." Na ce Mama, ina zan samu? Ta ce, "Ke da kike 'yar kasuwa?"

Na yini da maganar nan a raina. Mu 'yan TP da aka haɗa a makarantar, wasu daga kwalejin Akoka, wasu daga ta Ijanikin, abin da muka fi sani shi ne zane a kwali. Ka sayi kwali, ka kwana kana kwaikwayon hoton littafi, ka liƙa a allo, na baya ba sa gani, iska ta yage shi kafin a tashi. Masu hali suna kai wa masu buga fosta. Ni ba ni da wannan halin, domin kuɗin makarantata ma daga cinikin abincin Inna yake fitowa.

Darasin da ya fara ɗaure min kai shi ne na sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu. Littafi ya ce a tsoma takardar litmos, ta canja launi. Babu ita a kabad, kuma ko na sayo ba za ta ishi wannan taro ba. Da daddare ina zaune ina juya littafi, Inna tana haɗa miyar yakuwa, sai na ga ta jefa 'yar kanwa. Na ce Inna, me ya sa? Ta dube ni kamar ba a gidan na tashi ba, ta ce, "Don ta kashe tsamin mana." To ai shi ne darasin gaba ɗaya. Na tuna wani malaminmu ya taɓa ambata cewa jan ruwan zoɓo yana yin aikin litmos. A daren na jiƙa zoɓo ba sukari, na raba a kofuna. Na matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara haske, ja jawur. Na zuba ruwan kanwa a ɗaya, ya koma kore mai duhu. Na gwada ruwan toka da na sabulun wanki, su ma haka. Inna ta tsaya da ludayi a hannu tana salati.

Washegari na raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da gindin gorar ruwa da aka yanke, da tsamiya, da kanwa, da toka. Ihun da suka yi lokacin da launin ya juya sai da malamin ajin kusa ya leƙo. Abin da ya fi faranta min rai, 'yan matanmu na Hausawa da ke zama can baya, waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba, su ne suka yi ta ɗaga hannu, don sun san kanwa, sun san abin da take yi wa yakuwa. 'Yan Yarabawa ma sun san ta a miyar ewedu. Ranar ba wanda ya ji kimiyya baƙuwa ce a gidansu.

Daga nan ido ya buɗe. Maganaɗisu na samo shi a wajen mai gyaran rediyo, daga matattun sifikoki, kyauta. Waya da ƙananan ƙwayayen fitila, Yayana da ke gyaran waya a Computer Village ta Ikeja ya kwaso min. Tace ruwa kuwa gora ce da yashi da tsakuwa da gawayin Inna. Ba duka ne ya yi daɗi ba. Akwai ranar da ruwan sama ya shigo ta taga ya jiƙa duk abin da na tara a kusurwar aji. Akwai ranar da na dawo na tarar an share kayan an zubar, an ɗauka shara ce. Na yi kuka a bayan aji, domin ba kuɗi kaɗai na zuba ba, har da roƙo, kuma roƙo yana da nauyi a bakin mace.

Sai muka zo kan numfashi. Kawuna mahauci ne a mayankar Oko-Oba, inda dabbobin da ake lodowa daga Arewa suke ƙarewa. Na same shi na gaishe shi, na ce, "Kawu, huhun rago nake so, amma kada wuƙa ta taɓa shi, kuma a bar masa maƙogwaronsa." Ya ce, "Miya za ki yi wa 'yan makarantar?" Da na yi masa bayani sai ya yi shiru, can ya ce shekarunsa nawa yana fiɗa, ba wanda ya taɓa cewa aikinsa zai shiga aji. Da sassafe ya aiko yaronsa da shi a kula da ƙanƙara, ya ƙi karɓar ko sisi.

Na ɗaura bakin famfon keke a maƙogwaron, don ba na so yaro ya sa baki. Aka buga, huhun ya kumbura ya yi haske, aka saki ya sace. Wasu suka toshe hanci, wata ta fita da gudu, amma sauran sun hau kan benci suna kallo. A nan wani yaro ya taso, Bahaushe, ya girmi 'yan ajin, kullum a makare yake zuwa kuma malamai sun gama yanke masa hukuncin daƙiƙi. Ya ce, "Anti, wannan lafiyayye ne." Na ce ta ya ka sani? Ya nuna launin, ya danna da yatsa ya nuna laushin, ya ce mai ciwo yana da ƙulli-ƙulli ko tabo, kuma likitan dabbobi ba ya bari a sayar. Ya nuna inda maƙogwaro ya rabu biyu tun ban kai wurin ba. Da guntun Turancinsa da Yarabanci ya yi wa ajin bayani, Mama tana tsaye a bakin ƙofa ba ta katse shi ba. Ashe kafin ya zo makaranta sai ya taya mahaifinsa aiki a mayanka, shi ya sa yake makara.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi. A takarda haka yake. A unguwanninmu na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12, yaro yana kai ƙarfin ɗaukar kaya kasuwa take fara kiransa, kuma ba na zagin iyayen, na san abin da hayar ɗaki take ci a garin nan. Amma raina yana ɓaci idan na ji malami ya kira irin wannan yaro daƙiƙi bai taɓa tambayarsa inda ya fito da safe ba.

Mai duba mu daga kwaleji bai faɗo ranar huhu ba, ba a sanar da zuwansu. Ya zo ne ranar da nake bita da allo kawai, ya ba ni maki daidai gwargwado, ya rubuta cewa in ƙara ƙoƙari wajen kayan koyarwa. Mama ce ta bi shi har mota tana ba shi labarin zoɓo da rago.

Makon da ya biyo baya kujerar yaron nan ba kowa. Na tambayi abokansa, suka ce mahaifinsa ya ce karatun ya isa, zai tura shi wajen ɗan'uwansa a kasuwar Alaba Rago. Na koma gida na ce wa Baba ya raka ni wajen mutumin, tunda sun san juna a masallaci. Baba ya ce, "Ke 'yar TP ce fa, ba shugabar makaranta ba." Na ce na sani, Baba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in shirya ranar Asabar bayan la'asar.

Yadda muka yi da mahaifin yaron, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.